Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kambu



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wannan karo wata gardama ce da ta tashi a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Samari biyu ne, kowa riƙe da wayarsa. Ɗaya yana cewa a ƙasar Turawa komai girman mai shirya fim, in ya taɓa 'yar mutane sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Ɗayan yana cewa ai mu nan mun fi su tsanani, tunda muna da Hisba, muna da hukumar tace fina-finai, kuma ba a shekara ba a kori wata 'yar fim ba. Suka ce, “Liman, raba mu.” Muka ce duk ku biyun kun faɗi, amma dare ya yi, gobe akwai kasuwa. To ga amsar, da ɗan ƙari wanda ba su tambaya ba.

Mu fara da mai yabon Turawa. Akwai wani darakta, Roman Polanski, wanda duniyar fim take ɗauka kamar waliyyi. A 1977, a Amurka, yana da shekara 43, ya ɗauki yarinya 'yar shekara 13 da sunan zai yi mata hotuna, ya ba ta giya da ƙwaya, ya yi lalata da ita. Ba zargi ba ne, da bakinsa ya amsa a gaban alƙali cewa ya sadu da ƙaramar yarinya. Kwana 42 ya yi a tsare. Da ya ji ƙishin-ƙishin alƙali zai mayar da shi gidan yari, sai ya hau jirgi a farkon 1978 ya gudu Faransa, ƙasar da ba ta miƙa ɗanta ga Amurka. Daga nan sai me? Ya ci gaba da fim abinsa. A 2003 aka ba shi Oska, kambun da ya fi kowane girma a sana'ar. Bai isa ya je karɓa ba, don yana sauka za a kama shi, amma manyan da ke zauren suka miƙe tsaye suna tafa wa wanda ya tsere wa shari'a. A 2009 'yan sandan Siwizalan suka damƙe shi a hanyarsa ta zuwa karɓar wata lambar yabon, nan take 'yan fim fiye da 100 suka sa hannu a takarda wai a sake shi. Aka tsare shi a gidansa na hutu a kan duwatsu, a 2010 aka ce ya tafi. Sai a 2018, bayan shekara 41, ƙungiyar masu ba da Oska ta tuna ta kore shi, kuma ko shekara biyu ba a yi ba Faransawa suka sake naɗa shi gwarzon darakta a 2020. Yau ya haura shekara 90. Kwana 42, jama'a. Ɓarawon akuya a nan ya fi haka daɗewa yana jiran ranar shiga kotu.

Za a ce to ai an ɗaure Harvey Weinstein. An ɗaure shi, gaskiya ne, shekara 23 aka yanke masa a 2020, wata kotun a Kalifoniya ta ƙara masa 16. Amma a duba kuɗin da aka biya kafin a kai nan. Kusan shekara talatin ana raɗe-raɗin halinsa, yana toshe bakin mata da kuɗi da lauyoyi. Sai da jaridu suka fasa ƙwai a Oktoban 2017, sai da mata fiye da 80 suka fito, da yawansu sanannu masu kuɗin ɗaukar lauya. Duk da haka a 2024 babbar kotun jiha ta rushe hukuncin farko, aka koma sabon zama. In sai an tara mata tamanin kafin a kayar da namiji ɗaya, ina labarin yarinya ɗaya da ba ta da kowa?

Su ma Indiyawan da muka tashi da finafinansu haka ne. A jihar Kerala, bayan an sace wata jaruma a mota an ci zarafinta a 2017, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya mai suna Hema. Kwamitin ya miƙa rahoto a ƙarshen 2019, aka jefa shi durowa, bai ga rana ba sai Agustan 2024.

Wannan ya ishi saurayin farko. Na biyun ne muke da doguwar magana da shi, don shi ne ya taɓo gida.

Eh, ana hukunci a Kannywood. Tambayar ita ce wa ake hukuntawa, kuma a kan me. Waɗanda suka mallaki hankalinsu a 2007 ba su manta da rikicin Hiyana ba. Wani hoton bidiyo da aka ɗauka a ɓoye a waya ya fita, gari ya ɗauka. Aka kori jarumar daga sana'a, Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo a kan hukumar tace fina-finai. Ba mu ce abin da ya faru a ɗakin nan daidai ne ba, saɓon Allah ne. Amma mutum biyu ne a ɗakin, kuma akwai na uku wanda ya fitar, akwai dubbai da suka yi ta tura wa juna daga waya zuwa waya suna salati. A cikin duk waɗannan sunan wa ya zama zagi a bakin yara? Na macen kaɗai.

Mazan fim kuwa an ɗaure su, ba mu musa ba. An ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008 a kan rawa da waƙa a wani fim ɗin barkwanci. A ƙarshen shekarar kotun tafi-da-gidanka ta tura Hamisu Lamiɗo Iyantama gidan yari a kan takardun rajista da fim ɗinsa Tsintsiya, ya yi kusan wata uku kafin babbar kotu ta warware hukuncin. Ashe dai hannun hukuma yana kaiwa ga manyan maza in ta ga dama. A kan takarda yana kaiwa, a kan waƙa yana kaiwa, in siyasa ta gifta ma ya fi saurin kaiwa. Mutuncin 'ya mace ne kawai hannun yake gajarta a kansa.

A 2015 Rahama Sadau ta fito ta zargi wani babban jarumi da cewa ya cire ta daga fim don ta ƙi ba shi kai. Ba mu ce ya yi ba, babu kotun da ta tabbatar, ita ma daga baya ta ba da haƙuri. Amma a lura da inda sanda ta sauka: ita aka dakatar wata shida. A Oktoban 2016 kuma ƙungiyar MOPPAN ta kore ta gaba ɗaya, saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Runguma a gaban kyamara, hukunci cikin kwanaki. Duk yarinyar da ke masana'antar ta karanta darasin ba tare da an ɗora mata allo ba: in aka nemi ki, ki yi shiru, don ke za a fara kora.

A farkon 2022 tsohuwa Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa irin 'yan dubban da ake sallamarta da su bayan shekaru tana fim. Ana cikin wannan cece-kuce Naziru Sarkin Waƙa, wanda ɗan gida ne ba baƙo ba, ya fito ya ce akwai masu neman mata kafin su saka su a fim. Aka yi ca, masu cewa ya faɗi suna, masu cewa ya zubar musu da mutunci. Sati biyu ƙura ta lafa. To muna tambayar saurayinmu, muna tambayar duk mai karanta wannan: ku kawo mana sunan furodusa ɗaya ko darakta ɗaya da aka kora har abada saboda ya nemi yarinya da sunan zai sa ta a fim. Sunayen matan da aka kora kuwa yaran makarantar allo ma sun haddace.

Mu malamai kada mu yi saurin gyaɗa kai. A 2016 da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, ƙaramar hukumar Bebeji, mumbarori suka ɗau zafi daga Kano har nan Bauchi, cikin 'yan kwanaki aka janye maganar. Muna cikin waɗanda suka yi huɗuba a kai. Wato muna da murya, kuma ana jin ta har Abuja. Yaushe muka taɓa ɗaga ta haka saboda yarinya ɗaya da aka lalata wa rayuwa?

Abin kunya, misalin da za mu iya nunawa a ƙasar nan daga Legas yake. An kama ɗan wasan Yarbawa Baba Ijesha a Afrilun 2021, a Yulin 2022 wata kotu a Ikeja ta same shi da laifin cin zarafin yarinya 'yar shekara 14, ya tafi zaman shekara biyar. Ko a can sai da wasu abokan sana'arsa suka yi ta fafutukar a sake shi. Abin da ya kayar da shi, matar da ke riƙon yarinyar ita ma sananniya ce, ta sa kyamarar tsaro a falonta, kuma ta ƙi karɓar roƙo. Ta ƙi sulhu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kada wani ya ce Liman ya tsani 'yan fim. Littafin Shaihu Umar ɗan garin nan ne ya rubuta shi, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim tun 1976. Sana'a ce kamar kowace, akwai mutanen kirki da ke ciyar da iyali da ita. Hanjin jimina ne. Kuma mun san ana yi wa mutum ƙazafi don hassada. Shi ya sa muke cewa kotu, inda za a ji kowane ɓangare, ba Facebook ba, ba kuma zaure ba.

Yanzu sai hujjojin da ake kāre su da su, waɗanda abin takaici da rigar addini suke zuwa.

Na farko a ce ina shaidu huɗu, in babu kuwa ƙazafi ne, bulala tamanin. Wannan rabin karatu ne. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina, an tsaurara shi don kada a riƙa yi wa mutane tonon silili. Ba a ajiye shi don ya zama katangar azzalumi ba. Wane mai fyaɗe ne yake gayyatar adilai huɗu? Shari'a tana da ta'aziri, wanda alƙali yake yankewa gwargwadon ɓarna, kuma tana aiki da ƙarina, wato alamar da ke nuna gaskiya. Rigar Annabi Yusufu da aka yaga ta baya ita ta wanke shi, ba shaidu huɗu ba. Rahoton likita da saƙonnin waya da rajistar masauki su ne yagaggiyar rigar zamaninmu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda muke karantawa a zaurukanmu, wanda ya tilasta wa mace zai biya ta sadakin irinta bayan hukuncin da ke kansa, ita kuwa babu komai a kanta. Alƙali Ibnul Arabi, shi ma Bamalike, ya sa ƙwace mace da ƙarfi a babin fashi, yana ganin ya fi ƙwace dukiya muni. Mu muka bar wannan a cikin littafi muka fito da bulala tamanin kaɗai, don ita ce ke rufe bakin mai kuka.

Na biyu a ce rufin asiri. Rufin asiri na laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, ya tuba, a rufa masa. Haƙƙin wani ba ya shiga nan. Mu 'yan kasuwa ne, mu yi maganar da muka sani. Wanda aka kama da mudu mai buɗaɗɗen gindi a Muda Lawal, rufa masa asiri ake yi? Wanda ya zari waya a Wunti fa? Kafin 'yan sanda su iso Allah kaɗai ke ƙwatarsa. Amma wanda ya sace wa yarinya abin da ba a sayarwa a kowace kasuwa, shi ne za a ce mai iyali ne, sananne ne, kada a ɓata masa suna. Kun san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. 'Yar babban gida ce, aka turo Usamatu ɗan Zaidu ya nema mata sassauci. Fuskar Annabi ta sauya, ya hau mumbari ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko ke nan, sakin mai daraja da kama mai rauni, ya kuma rantse ko 'yarsa ce ba zai ɗaga ƙafa ba. Muna karanta wannan duk shekara, mu share hawaye, mu fito mu zama 'yan aiken Alhaji.

Na uku a ce me ya kai ta. Abin da ya kai ta shi ne abin da ya kai 'ya'yanmu talla tasha: babu. Wata kuma ƙuruciya da son a gan ta a allo. A ce ta yi wauta, mun yarda. Wautar mai kaya ba ta halatta wa ɓarawo sata. Kuma wanda ke riƙe da abincin mutum ya ce sai ki ba ni kanki, ba neman yarda yake yi ba, wuƙa ya sa mata a wuya.

Mun ce za mu dawo kan sulhu. Abin da za mu faɗa yanzu ya daɗe yana ci mana rai, kuma mun sauya wasu abubuwa don kada a gane gidan. Shekarun baya wani dattijo a unguwar nan ya same mu bayan Asuba, bakinsa na rawa. 'Yarsa ce, ba ta cika sha bakwai ba. Wani matashi mai ɗaukar waƙoƙi da gajerun finafinai, wanda a lokacin hotonsa ke manne a shagunan masu tura fim a waya, ya yi mata alkawarin fitowa a fim, ya kira ta gwaji a wani masauki. Sauran ba sai mun faɗa ba. Uban yana so ya kai ƙara. Kafin Azahar mutanen yaron sun iso da wani mai kuɗi a babbar mota. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, dattawa suka zauna, aka ce Liman ya buɗe da addu'a. Muka buɗe. Muka yi wa'azin haƙuri, muka ce in magana ta fita wa zai aure ta, ƙannenta ma wa zai aure su. Aka ajiye kuɗi a ƙarƙashin tabarma wai na magani. Uban ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa Allah. Yarinyar tana cikin gida, tsakaninmu da ita katanga ɗaya, babu wanda ya ce a kira ta a ji ta bakinta. Mu ma ba mu ce ba.

Aka cire ta daga makaranta, aka kai ta ƙauye wurin gwaggonta. Shi kuwa bayan shekara guda aka shirya bikin karrama shi a wani ɗakin taro, har da kati aka aiko mana, wai mu zo mu sa albarka. Wallahi mun je. Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'ar ƙarin ɗaukaka, aka ba mu lemo da ambulan. Daga baya labari ya iso mana cewa 'yar dattijon nan ba ita ce ta ƙarshe ba. To ina bambancinmu da waɗanda suka miƙe suna tafa wa Polanski? Su ko ayar ba su sani ba.

Shi ya sa in an ce gwamnati ce ba ta hukunta su, muke cewa a dakata. Doka tana nan. Tun 2015 aka sa hannu a dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, Jihar Bauchi ta karɓe ta a 2020 zamanin Gwamna Bala Mohammed. A shekarar ce gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, Kaduna ma har dandaƙa ta sa a dokarta ga mai yi wa ƙananan yara. Hukumar NAPTIP ta buɗe kundin sunayen masu irin wannan laifi tun 2019. Amma alƙali ba ya yanke hukunci a kan ƙarar da ba ta iso gabansa ba, kuma yawancinsu a zaurukanmu suke mutuwa, mu ne masu yi musu wanka da sallah. Mun san kai ƙara akwai wahala, akwai jeka-ka-dawo, akwai kashe kuɗi, wani lokacin ma a nemi juya maganar. Wannan dalili ne na mu raka talaka, mu haɗa masa kuɗin mota da na lauya kamar yadda muke haɗa na gyaran rufin masallaci.

Shi kuma sunan da ke kāre su, wa ya ba su? Kakanninmu fatake da suka sauka a unguwar nan ba su da sarauta ba su da gona, amana ce jarinsu. Wanda ya ci amana ba a kai shi ko'ina, daina ciniki da shi ake yi, ya tattara ya bar zango da kansa. Yau mu ne ke sayen data mu kalli mutumin da muka san halinsa, mu ne ke kiransa bikin 'ya'yanmu mu yi masa liƙi, 'yan siyasa su ba shi mota da muƙami don mu muke binsa. Wai fim ɗinsa akwai faɗakarwa. Mahaucin da aka kama da mushe sau ɗaya, ko tsirensa ya fi na kowa daɗi, wa zai koma?

Saboda haka muna sanar da jama'a abin da muka yanke wa kanmu, ba mu tilasta wa kowa ba. Zaurenmu yana buɗe ga rikicin gado, da na aure, da na bashi, da na iyakar gida. Maganar fyaɗe ko lalata da yarinya kuwa, kada wanda ya sake kawo mana ita da sunan sulhu, ɗan fim ne ya yi, ko ɗan kasuwa, ko malami irinmu. Wanda abin ya faɗa wa gidansa, Allah Ya kiyaye, ya buga mana ƙofa ko tsakar dare ne. Asibiti za a fara zuwa, kada a wuce kwana uku, don a cikinsu ne maganin kariya daga cuta yake aiki, kuma kada a wanke tufafin da ke jikinta, kada a goge saƙonnin waya. Daga nan sai wurin 'yan sanda, da ƙafarmu za mu raka. Uwargida ta ce ita za ta zauna da yarinyar, don akwai abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Masu shirya bikin karramawa kuma su daina wahalar aiko mana da kati sai sun yarda mu yi tambaya a kan wanda za a karrama.

Mun san wasu dattawan da muka zauna da su a kan waccan tabarma za su karanta wannan, ransu ya ɓaci. Ba mu ambaci kowa ba sai kanmu. Dattijon nan kuwa mun je mun nemi gafararsa, ya ce ba shi ya kamata mu nema ba. Har yau ba mu samu ƙarfin zuciyar shiga motar ƙauyen ba, amma mun sa ranar bayan sallah.

Mai ja da abin da muka rubuta, muna rumfa daga hantsi zuwa La'asar, ban da ranar Juma'a. Ya zo da littafinsa.